Gansakuka da Sanyin Hunturu: Sharhi kan Kiwon Kifi a Gida a Yankin Buza, Madawa da Kaita

Gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jihar Tawa yanki ne na tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu albarka, inda ruwan sama yake sauka cikin watanni uku zuwa huɗu kawai, yawanci tsakanin milimita 300 zuwa 500 a shekara, kuma babu kogin da ke gudana shekara zagaye. Kifin da mutanen garuruwa irin su Babban Katami suka saba da shi na tafki ne, wanda ke cika da damina ya riƙa janyewa da rani, sai kuma busasshe da ƴan kasuwa ke kawowa daga nesa. Madatsun ruwan da aka giggina a ƙarƙashin aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya bayan babban farin wancan lokaci, sun ƙara yawan ruwan da ke kwana a yankin, haka kuma al'adar zuba ƴaƴan kifi a tafkuna, irin wadda aka sani a tafkin Tabalak da ke arewa, ta sa mutane sun gane cewa kifi ma dabbar kiwo ce. Daga nan ne wasu suka fara gina kwami na siminti a bayan gida, ko haƙa ƙaramin kududdufi a gefen garka, suna zuba tarwaɗa ko karfasa. Matsaloli biyu ne suka fi damun irin wannan kiwo daga ƙarshen kaka zuwa Fabrairu, wato yawaitar gansakuka da saukowar sanyi, kuma idan aka bi diddiginsu sai a tarar abin da ke tsananta illarsu ɗaya ne: yawan abin da ake zubawa cikin ruwa ya wuce abin da ruwan zai iya ɗauka.

Mece ce gansakuka

Abin da ake kira gansakuka tarin ƙananan halittu ne na cikin ruwa waɗanda ba su da saiwa ko ganye, amma suna amfani da hasken rana su haɗa abincinsu yadda tsirrai ke yi, suna fitar da iskar oksijin, wadda ita ce kifi ke shaƙa ta cikin ruwa. Iri uku ne mai kiwo ke cin karo da su. Na farko su ne ƙanana ainun waɗanda ido ba ya ganin guda ɗaya, suna yawo cikin ruwa har su mai da shi kore, kuma waɗannan abinci ne ga karfasa da ƙananan ƙwarin ruwa da ƴaƴan kifi ke ci. Na biyu ita ce mai zare-zare mai santsi, wadda ke fara tsirowa a ƙasan ruwa da jikin bango sannan ta taso ta yi shimfiɗa a sama, tana sarƙe ƴaƴan kifi, tana toshe bututu, tana kuma ba katantanwa maɓoya, alhali a jikin wasu katantanwar ruwa ne ƙwayar cutar tsargiya ke girma. Na uku ita ce shuɗiya-kore, wadda a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ne, tana taruwa a saman ruwa kamar an zubar da koren fenti, tana wari, tana sa naman kifi ya yi ɗanɗanon taɓo, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai lalata hantar dabbobi da mutane. Ba dukan dangin nan ne masu cutarwa ba, domin a yankin Kanem na ƙasar Chadi mata sun daɗe suna kwasar wani nau'i mai suna sifirulina daga tafkunan kanwa suna shanyawa don miya, amma wanda ba shi da kayan bincike ba zai iya bambance mai guba da marar guba da ido ba, don haka ba a shayar da awaki ko tumaki ruwan da ya yi irin wannan kumfa.

Ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka tana bunƙasa ne da abubuwa uku, haske da ɗumi da taki, kuma tun da biyun farko a wadace suke a jihar Tawa, na ukun ne ke hannun mai kiwo. Takin nan shi ne sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda manomin albasa ke saye cikin buhu, su kuwa a kwami suna fitowa daga kashin kifi, da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, da dusa ko kashin kaji da ake zubawa, da ganyen da iska ta kawo. Binciken masana kiwon kifi ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu kacal na naitirojin ɗin da ke cikin abinci ne yake zama tsoka a jikin kifi, sauran ya koma cikin ruwa. Ke nan duk mudun abincin da aka watsa, an ciyar da kifi an kuma ciyar da gansakuka fiye da shi.

Yadda ruwa ke juyawa tsakanin rana da dare

Haɗarin koren ruwa yana cikin wani sauyi da ke faruwa kowace rana ba tare da an gani ba. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin har ruwa ya cika da ita wajen la'asar, amma da zarar rana ta faɗi sai ta daina fitarwa ta koma shaƙa, ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da taɓon ƙasa, ta yadda oksijin ke ta raguwa cikin dare har ta kai ƙarancinta da asuba. Shi ya sa mutuwar kifi a kwami ta fi aukuwa kafin fitowar rana, kuma alamar da ke gabatarta ita ce a ga karfasa sun taso saman ruwa gaba ɗaya suna buɗe baki suna haɗiyar iska. Tarwaɗa ta fi juriya, saboda tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye, amma ita ma idan aka gan ta tsaye a miƙe, kai sama wutsiya ƙasa, tana daɗewa a haka ba motsi, ruwan ya gurɓace.

Akwai kuma illa ta biyu da ke zuwa da rana tsaka. Gansakuka mai kauri tana zuƙe iskar kabon da ke cikin ruwa, wanda ke sa ruwan ya karkata zuwa halin kanwa, kuma a wannan hali sinadarin amoniya, wanda kifi ke fitarwa daga jikinsa, yana rikiɗa zuwa siffarsa mai guba wadda ke lalata sassan numfashinsa. Saboda haka kifin da ke cikin ruwa mai kore sosai yana shan wahala sau biyu a yini, da asuba don ƙarancin iska, da azahar don guba.

Gwajin kaurin gansakuka ba ya buƙatar na'ura. Mai kiwo yakan tsoma hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, tafin yana kallon sama, idan yana iya hango tafin dushi-dushi, wato a zurfin santimita 30 zuwa 40, koren ya yi daidai. Idan tafin ya ɓace tun hannu bai shiga rabin wannan zurfi ba, ruwan ya yi kauri, sai a dakatar da taki a rage abinci. Idan kuwa ana ganin ƙasan kwami tar, ruwan ba shi da abincin karfasa, kuma hasken da ke kaiwa ƙasa zai tayar da mai zare-zare. Masana suna yin wannan gwaji da wani faifai mai launin fari da baƙi da ake ɗaura wa igiya, wanda asalinsa ke komawa ga masanin Italiya Anjelo Sekki, da ya fara gwada irinsa a 1865, kuma ana iya yin sa da murfin gwangwani mai faɗin santimita 20. Sai dai a yankin da koramu ke kwaso jar ƙasa daga tuddai, wajibi ne a bambance duhun gansakuka da duhun laka, ta hanyar ɗiban ruwan cikin farar kwalba a ajiye shi ya kwana a inuwa, domin laka takan kwanta a gindi ruwan ya washe, koren kuwa yakan ci gaba da yawo a ciki.

Irin sanyin da ake magana a kai

Yawancin shawarwarin da ake samu kan shirya wurin kifi don lokacin sanyi an rubuta su ne don ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, inda ruwa ke daskarewa, ake huda ƙanƙara don iska ta shiga, ake kuma daina ciyar da kifin ado irin na Japan idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10. Waɗancan kifaye an halicce su da juriyar sanyi, saɓanin karfasa da tarwaɗa waɗanda suka fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin salshiyos. Karfasa tana daina haihuwa idan ruwa ya sauka kusa da digiri 20, cin abincinta yana raguwa ƙwarai daga nan, tana kusan daina ci a wajen digiri 16, kuma tana fara mutuwa idan ya daɗe a digiri 11 zuwa 12. A jihar Tawa, cikin Disamba da Janairu, ɗumin iska da rana yakan kai digiri 30, amma da asuba yakan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka a cikin kwaruruka inda iska mai sanyi ke kwanciya. Babban tafki ba ya jin wannan sauyi sosai, domin ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi yana kuma jinkirin sakinsa, amma kwami mai zurfin rabin mita wanda aka gina a saman ƙasa, iska na bugun bangonsa ta kowane gefe, yana bin sanyin dare da sauri. Wannan hawa da sauka na kowace rana ne ke raunana garkuwar jikin kifi, har wata cutar fumfuna ta samu shiga, wadda ake ganinta a matsayin farin gashi mai laushi a kan rauni ko a fiffike.

Hunturu yana zuwa da wasu abubuwa biyu da littattafan Turai ba su san da su ba. Na farko shi ne hazo, ƙurar da iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, wadda takan rufe rana kwanaki a jere. Idan haka ta faru a kan ruwa mai kauri, gansakuka ba ta samun isasshen haske, sai ta mutu gaba ɗaya cikin yini ɗaya ko biyu, ruwan ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa ko toka-toka, ruɓewarta kuma ta cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage. Na biyu shi ne ƙafewar ruwa, domin busasshiyar iska tana iya shanye kusan santimita 1 a rana, wanda a kwami mai faɗin murabba'in mita 10 daidai yake da lita 100, wato jarka huɗu mai lita 25. Ruwan ne kaɗai ke tashi, takin da gishirin suna nan, don haka kwamin da ba a ƙara masa ruwa yana ƙara kauri kuma yana ƙara saurin sanyaya a lokaci guda. Abin da ke ɗan sassautawa shi ne ruwan sanyi ya fi riƙe oksijin, kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20, alhali a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba, sai dai ƙwayoyin da ke tsarkake amoniya su ma suna yin kasala da sanyi, sai ribar ta tafi a nan.

Shirin da ake yi tun da kaka

Tun da haka ne, shiri yana farawa ne a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin sanyi ya kankama, lokacin da kifi ke da ƙarfin jure kamu. Mataki na farko shi ne rage yawan kifin, a kwashe waɗanda suka isa sayarwa ko ci, domin tarwaɗar da aka zuba da farkon damina kuma ta samu abinci mai kyau takan kai girman kasuwa cikin wata biyar zuwa shida, kuma riƙe ta cikin sanyi kashe kuɗin abinci ne ba tare da ƙarin nauyi mai yawa ba. Ba a kuma zuba sababbin ƴaƴan kifi a tsakiyar hunturu, su ne suka fi saurin mutuwa, ga shi samunsu ma yana wuya a lokacin saboda ƙyanƙyasa ba ta yin kyau da sanyi.

Mataki na biyu shi ne fitar da baƙin taɓon da ya taru a ƙasa, wanda shi ne rumbun takin gansakuka. A kwamin siminti ana zuƙo shi da tiyo daga kusurwar da ta fi zurfi, a sauya kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ruwan a lokaci guda, ba a juye duka ba, don kada sauyin ɗumi ya firgita kifin. Ba a kankare koren da ya manne a bango ƙal, kuma ba a wanke kwami da omo ko ruwan bilic alhali kifi zai koma ciki. Mai zare-zare da hannu ake cire ta, a naɗe ta a jikin sanda ko a ja ta da manjagara, a kai ta ramin taki nesa da ruwan. Kududdufin ƙasa da aka kwashe kifinsa duka ana barinsa ya bushe har ƙasan ya tsage, a kwashe taɓon a kai garka. Barbaɗa farar ƙasa a kan jiƙaƙƙen gindin yana kashe katantanwa da ƙwayoyin cuta, amma ba a cika buƙatarta don gyara tsamin ruwa a wannan yanki ba, tun da duwatsun farar ƙasa suna da yawa a jihar Tawa, su ne ma masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki da su. Kanwa kuwa ba ta da wuri a cikin kwami, domin tana ƙara wa amoniya guba.

Mataki na uku shi ne tsare ɗumi. Ana cika ruwa ya kai zurfin mita 1 ko fiye inda gini ya ba da dama, a tara ƙasa a jikin bangon kwami daga waje, a kuma kafa darni na karan dawa ko zana a gefen gabas da arewa inda iska ke fitowa. Mutanen Buza ba baƙi ba ne ga wannan hikima, domin a kwarin Majiya ne aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, don kare gonaki daga iska, kuma abin da layin bishiya ke yi wa gona shi darni ke yi wa kwami, yana rage ƙura da ƙafewa da sanyi. Amma kada a bar reshen dogon yaro ya rufe ruwan, domin yana zubar da ganye da rani, ganyen kuma yana ruɓewa ya ɓata ruwa. Da dare ana iya rufe kashi biyu cikin uku na saman kwami da leda mai kauri ko asabari da aka ɗora a kan sanduna, ba tare da ya taɓa ruwan ba, a bar gefe don iska, a yaye da hantsi. Raga a sama tana tare ganye, tana kuma hana zalɓe da sauran tsuntsaye ɗaukar kifin da sanyi ya sa ya yi nauyin jiki.

Ruwan rijiya yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba, wato ɗuminsa ba ya sauyawa sosai duk shekara, yana kusa da digiri 28 zuwa 30, shi ya sa ake jin sa da ɗumi da sassafen hunturu. Ƙara shi a kwami da asuba yana ɗaga ɗumin a daidai lokacin da ya fi sauka, sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da oksijin sosai, don haka ana sakinsa daga sama ya faɗo kan dutse ko ta cikin kwando ya tarwatse. Ruwan famfo da aka sa wa kilorin kuma sai ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Abinci, magani da ruwan da aka fitar

A cikin sanyin kansa, aiki mafi muhimmanci shi ne kame hannu wajen ciyarwa. Kwami mai kifi 200, kowane mai nauyin giram 250, yana ɗauke da kilo 50, kuma idan da zafi ana ba su kashi 3 cikin 100 na nauyinsu, wato kilo 1 da rabi a rana, da sanyi rabin wannan ko ƙasa da shi ya isa. Ana ba da shi sau ɗaya, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ruwa ya fi ɗumi, a watsa kaɗan-kaɗan ana kallo, a tsaya da zarar kifi sun daina tasowa, a kuma kwashe abin da ya rage bayan minti 15. Ranar da hazo ya rufe rana, ko aka ga kifi a sama da asuba, ba a ciyarwa sam, kuma kwana ɗaya ko biyu ba abinci ba ya cutar da babban kifi. Zuba kashin kaji ko na shanu don koranta ruwa ana dakatar da shi har zafi ya dawo.

Magungunan kashe gansakuka, waɗanda da yawansu sinadarin tagulla ne a cikinsu, suna da haɗari a ƙaramin kwami, domin ɗan kuskuren awo yana kashe kifi, ko da an auna daidai ma mutuwar gansakuka lokaci guda tana jawo irin ɓarnar da hazo ke jawowa, sannan shuɗiya-kore tana sakin gubarta ne cikin ruwa idan ta mutu. Takin da ya haife ta kuma yana nan, cikin ƴan makonni za ta dawo. Haka nan wajibi ne a raba bokiti da tiyon kwami da waɗanda ake haɗa maganin feshin albasa da su, saboda ɗan abin da ya rage a cikinsu ya isa ya halaka kifi. Ga fumfuna kuwa, gishirin girki giram 1 zuwa 3 a kowace lita yana taimakawa, kuma ya fi kyau a ware marasa lafiyar a wani baho a yi musu a can.

Dalilin warewar shi ne ruwan kwami yana da wani amfani da gishiri zai ɓata. Lokacin sanyi shi ne lokacin noman albasa, kabeji, tumatir da salat a kwarin Tarka da na Majiya, kuma koren ruwan da ake fitarwa daga kwami yana ɗauke da naitirojin da fosfaras ɗin da waɗannan shuke-shuke ke buƙata. Mai garkar da ya gina kwaminsa tsakanin rijiya da fangalai, ta yadda ruwa zai fara bi ta wurin kifi kafin ya isa ga shuka, yana sauya wa kifinsa ruwa mai ɗumi kullum ba tare da ƙarin man inji ba, yana hana gansakuka yin kauri, yana kuma rage kuɗin takin zamani. A yankin da kowace jarka ke da daraja, wannan tsari ya fi dacewa a kan kwamin da ke tsaye shi kaɗai a tsakar gida, wanda ruwansa sai an saya, na zubarwa kuma yakan kwanta a lungu ya tara sauro. Wanda nasa ke cikin gida kuma ba shi da wadataccen ruwan sauyi, abin da ya fi masa shi ne ya kwashe kifinsa duka a Nuwamba, ya wanke kwamin ya bar shi a bushe, ya sake zubawa daga Maris idan dare ya yi ɗumi, yana sane da cewa zafin Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, zai buƙaci rumfa a kan wani sashe na ruwan da kuma sauyi akai-akai.